Almakashin cikin sel: labarin enzaim ɗin RNase P

 

Duk wanda ya shiga ajin kimiyya a babbar sakandare ya haddace jimlar nan ta darasin bayoloji: enzaim furotin ne. Haka take a littattafai da yawa, haka muke rubuta ta a jarrabawa, kuma ana ba mu maki. A wannan makon mun kawo muku labarin wani enzaim da ke aiki a jikin kowannenmu yanzu haka da kuke tsaye kuna karatun nan, amma wannan jimla ba ta hau kansa ba. Sunansa RNase P. Shi ne ya jawo wa wani masani lambar yabo ta Nobel a 1989, kuma da zai ajiye aiki, da ƙera furotin ta tsaya a jiki.

Mu ɗan tuna baya. Enzaim abu ne da ke hanzarta wani aikin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Ka tauna burodi ka daɗe ba ka haɗiye ba, za ka ji ya soma zaƙi, domin enzaim ɗin amilas da ke cikin yawu ya fara farfasa sitaci. A 1926 wani Ba'amurke mai suna James Sumner ya tace enzaim ɗin yuriyas daga wani irin wake, ya nuna cewa furotin ne. Bayansa, duk enzaim ɗin da aka tace sai a tarar da furotin. An shafe fiye da shekara 50 a haka, har maganar ta zama kamar doka. Saboda haka masu rubuta littattafanmu ba su ƙaga ta ba, gadonta suka yi.

Ɗan dako mai suna tRNA

Kafin mu fahimci almakashi, sai mun san abin da yake yankawa.

A cikin sel, wato ƙwayar halittar da aka gina jikinmu da ita, akwai DNA. Shi ne kundin da aka rubuta umarnin ginin jiki a ciki. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafi shafin da ake so a kan wani zare mai suna mRNA, a aika da shi wurin raibosom, inda ake ƙera furotin. Haruffa huɗu kacal ake wannan rubutu da su: A da U da G da C, kuma uku-uku ake karanta su. Haɗin haruffa uku-uku da za a iya yi guda 64 ne. Guda 61 suna nuna amino asid, wato tubalan furotin da ke da iri 20, sauran ukun kuma ma'anarsu "tsaya nan".

To, amma amino asid ba ya karatu, bai san harafin A daga G ba. Wa zai kai shi inda ya dace? Tun a tsakiyar shekarun 1950 Francis Crick ya yi hasashen cewa dole akwai wani ɗan tsakani da ke riƙe amino asid a gefe guda, yana karanta haruffa da ɗaya gefen. Ba a daɗe ba aka gano shi, shi ne tRNA. Aikinsa dako: ya ɗauko tubali, ya duba rubutu, ya sauke inda aka ce. Idan mRNA ya ce AUG, sai tRNA mai haruffan da suka dace da waɗannan ya zo ya manne, domin A tana kama U, G tana kama C, ya miƙa amino asid ɗin metiyonin da ya ɗauko. Himogilobin guda ɗaya na cikin jininmu yana da amino asid 574, kuma kowannensu tRNA ne ya ɗauko shi. Ku lissafa yawan jinin da ke jikin ɗalibi ɗaya, sannan ku lissafa 'yan dakon da ake bukata.

Shi tRNA gajeren zare ne, yawanci haruffa 76 zuwa 90. Robert Holley ne ya fara karanta jerin haruffan guda ɗaya daga farko har ƙarshe a 1965, na yis ne mai haruffa 77. Idan aka zana shi a takarda yana kama da ganyen wake mai kunne uku da ɗan kara. Amma a 1974 masana suka nuna ainihin surarsa a cikin sel: yana naɗewa ya zama kamar harafin L, ko mu ce kamar hannun da aka lanƙwasa a gwiwa. Ku riƙe wannan kwatanci, za mu dawo gare shi. A bakin ɗaya reshen akwai haruffa ukun da ke karanta mRNA. A bakin ɗaya reshen kuma farkon zaren da ƙarshensa suka haɗu, a nan ne kuma ake rataya amino asid a kan haruffan CCA.

Abin da littafin ajinmu ba ya faɗa shi ne, ba a gama tRNA da an kwafo shi daga DNA. Ɗanye yake fitowa, da rarar haruffa a farkonsa da kuma ƙarshensa, kamar yadin da ba a yanke gezarsa ba. A bakteriya ma wani lokaci 'yan dako biyu ko fiye suke fitowa a jere a kan zare ɗaya. Sai an yi masa gyara kafin ya shiga aiki. A jikinmu, enzaim ɗin RNase Z ne ke datse rarar ƙarshe, wani daban ya liƙa masa CCA, wasu da yawa su yi wa wasu haruffansa kwaskwarima. Rarar farko kuwa, wadda masana ke cewa ta gefen 5′, aikin RNase P ne. Yanka ɗaya yake yi, kuma dole ya faɗa daidai a gaɓar da ke tsakanin harafin ƙarshe na gezar da harafin farko na tRNA. An taɓa samar da bakteriyar E. coli da RNase P ɗinta ke lalacewa idan aka ƙara zafi. Da an ɗumama ta, sai ɗanyen tRNA ya taru a cikinta, ta daina girma.

Yadda aka yi ta gardama

Sidney Altman haifaffen birnin Montreal ne na ƙasar Kanada, a 1939. A 1969 ya tafi Kambirij a Ingila, ya shiga ɗakin binciken da su Crick suke aiki. A can ya ware ɗanyen tRNA daga E. coli, ya ga cewa ya fi na gama-gari tsawo, ya kuma ga akwai wani abu a cikin ruwan bakteriyar da ke datse rarar. A 1972 shi da Hugh Robertson da John Smith suka wallafa bayanin wannan enzaim. Zuwa lokacin Altman ya koma Jami'ar Yale a Amurka, inda ya ci gaba da ƙoƙarin tace shi.

A nan aikin ya yi tsauri. Duk yadda aka tace, sai a tarar da wani RNA manne da shi, ya ƙi rabuwa. Mai bin doka zai ce datti ne kawai, a ƙara wanki. Wani ɗalibin Altman mai suna Benjamin Stark ya bi ta wata hanya: ya zuba wa enzaim ɗin wani abu da ke cinye RNA, sai ya ga yanka ya tsaya cak. A 1978 suka wallafa cewa RNA ɗin nan wani ɓangare ne na enzaim ɗin, kuma ba ya aiki sai da shi. Masana da yawa ba su yarda ba, suna ganin tacewar ce ba ta yi kyau ba. Ko shi Altman ɗin a lokacin bai ce RNA ne ke yanka ba. Tunanin da ya fi sauƙin karɓa shi ne furotin ne wuƙar, RNA kuwa yana taimaka masa riƙe abin da za a yanka.

Gaskiyar ta fito ne a 1983, daga hannun wata masaniya a ɗakin binciken Altman mai suna Cecilia Guerrier-Takada. Suna aiki ne tare da ayarin Norman Pace, suna gwada haɗa RNA na wata bakteriya da furotin ɗin wata, su ga ko za su yi aiki tare. A kowane gwaji na kirki akan ware wata kwalba da ba a sa ran komai zai faru a cikinta, don a sami abin kwatantawa. A wannan karon kwalbar tana ɗauke da RNA shi kaɗai, babu furotin, a cikin ruwan da aka ƙara wa gishirin magniziyam. Ashe a cikinta labarin yake. RNA ɗin ya yanka ɗanyen tRNA, kuma a daidai gaɓar da ta kamata. Idan magniziyam kaɗan ne, sai RNA da furotin sun haɗu ake yanka. Idan aka ninka shi kamar sau shida, RNA shi kaɗai ya isa. Furotin kuwa shi kaɗai bai taɓa yanka komai ba.

Mai gardama zai iya cewa wataƙila wani ɗan furotin ne ya maƙale a jikin RNA ɗin ba a gani ba. Saboda haka a 1984 Guerrier-Takada da Altman suka ƙera RNA ɗin a cikin kwalba daga DNA, wanda bai taɓa shiga cikin bakteriya ba balle ya kwaso furotin ɗinta. Shi ma ya yanka. A ganinmu wannan gwaji na biyu ya cancanci a riƙa koyar da shi a darasin aikin gwaji, domin ya toshe ƙofar ƙarshe da mai shakka zai bi.

Kusan a lokaci guda, a 1982, Thomas Cech na Jami'ar Kolorado ya gano wani RNA a cikin wata ƙaramar halittar ruwa mai suna Tetrahymena da ke yanke wani yanki daga jikinsa ya sake ɗinke kansa. Bambancin shi ne na Cech a kansa yake aikin, sau ɗaya. RNase P kuwa yana yanka wani, ya sake shi, ya kama na gaba, shi kuma yana nan yadda yake, wato ya cika ma'anar enzaim da muka faɗa a sama. Aka raɗa wa irin waɗannan RNA suna raibozaim. A 1989 Altman da Cech suka raba lambar Nobel ta fannin kemistiri. Altman ya rasu a 2022.

Tela mai auna da kamu

Yanzu mu duba ƙirar almakashin. A E. coli, RNase P abu biyu ne: RNA mai haruffa 377 da ake kira M1, da ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 119 da ake kira C5. Wajen kashi 90 cikin 100 na nauyinsa RNA ne. Zaren ba a miƙe yake ba. Yana komowa ya kama kansa a wurare da yawa, ya nannaɗe, har ya zama dunƙule mai sassa biyu. Sashe ɗaya aikinsa gane tRNA, ɗayan kuma a nan ake yankan. An ga wannan sura da kyau a 2010, lokacin da ayarin Alfonso Mondragón a Amurka suka fitar da hoton enzaim ɗin wata bakteriya mai suna Thermotoga maritima yana riƙe da tRNA.

Ga tambayar da ta fi ba mu sha'awa. A cikin sel ɗaya akwai tRNA iri-iri da dama, kowanne da jerin haruffansa, kuma gezarsu ma ta bambanta, wata doguwa wata gajera. Ta yaya enzaim ɗaya zai san gaɓar yanka a jikin kowannensu? Da a ce jerin haruffa yake nema, da sai an tanadi almakashi daban ga kowane ɗan dako. Abin da yake dubawa shi ne sura, domin duk tRNA, komai bambancin haruffansu, harafin L ɗin nan suke zama.

Kun san yadda ake auna yadi ko igiya da kamu, daga gwiwar hannu zuwa bakin yatsa. Kusan haka RNase P yake yi. Sashen ganewa yana dafe gwiwar L ɗin. Daga gwiwar zuwa bakin reshen da farkon zaren yake, tsawon kusan ɗaya ne a yawancin tRNA: haruffa 12 da suka kama abokansu bibbiyu, 5 kusa da gwiwar, 7 a gaba. Tazarar da ke tsakanin sashen ganewa da sashen yanka ta yi daidai da wannan tsawo. Don haka da gwiwa ta zauna a mazauninta, gaɓar da ake nema ta faɗa bakin wuƙa. A bakteriya da yawa akwai ƙarin riƙo: haruffan CC na ƙarshen tRNA suna kama wasu GG biyu da ke jikin enzaim ɗin, kamar yadda tela ke danne bakin yadi da yatsa kafin ya sa almakashi.

Ita wuƙar fa? RNA ɗin yana da wani lungu da ke riƙe ƙwayoyin magniziyam guda biyu a daidai wurin da ake so. Ɗaya tana shirya ƙwayar ruwa ta kai hari kan fosfet ɗin da ya haɗa haruffan biyu, ɗayar tana tallafa wa ɓangaren da zai rabu. Gaɓar ta tsinke, gezar ta tafi, tRNA ya fita da fosfet a farkonsa kamar yadda ake bukata. Wato da ruwa ake yankan, irin aikin da malamin kemistiri ke kira haidirolisis. Wannan lungu ya yi kama ƙwarai a bakteriya da yis da mutum, abin da ke nuna tsohon gado ne.

'Yan ajin fiziks za su gane dalilin ƙarin magniziyam ɗin nan na gwajin 1983. Duk RNA cajin nagatif yake ɗauke da shi. Enzaim ɗin RNA ne, abin da zai yanka ma RNA ne, kuma caji iri ɗaya ture juna suke yi. Magniziyam cajinsa fozitif ne, yana shiga tsakani ya rage turewar. A cikin bakteriya mai rai babu magniziyam mai yawa haka, saboda haka ake bukatar ɗan furotin ɗin nan. Shi ma cajinsa fozitif ne, kuma yana da wani kwari da gezar ke kwanciya a ciki. Wannan ya sa enzaim ɗin ya fi riƙe ɗanyen tRNA mai geza fiye da wanda aka riga aka gyara.

A jikinmu fa?

RNase P na cikin nukiliyas ɗin sel ɗinmu yana da RNA guda ɗaya mai suna H1 da furotin har guda 10. Na yis yana da furotin 9. A nan furotin ne ya rinjayi nauyin, ya lulluɓe RNA ɗin, amma har yanzu RNA ne ke riƙe da wuƙar. A 2018 wasu masana a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka fitar da cikakken hotonsa.

Sai dai kada wani ya tashi daga nan da sabuwar doka, ya ce RNase P kullum RNA ne. A 2008 ayarin Walter Rossmanith a ƙasar Ostiriya suka nuna cewa wanda ke aiki a cikin maitokondiriyarmu, inda sel ke samar da kuzari, furotin uku ne zalla, babu RNA ko kaɗan. Ke nan a cikin sel ɗaya na mutum akwai almakashi biyu masu aiki iri ɗaya, ɗaya bakinsa RNA, ɗaya furotin. Na maitokondiriyar ma aikinsa ya fi yawa: DNA ɗinta yana ɗauke da tRNA 22 da aka warwatsa tsakanin sauran saƙonni a kan dogon zare, kamar aya da waƙafi a cikin jimla, kuma sai an yanko su sannan sauran saƙonnin ke rabuwa su shiga aiki. Tsire-tsire irin su Arabidopsis su ma da furotin suke wannan yanka.

Akwai misalin da ya shafe mu kai tsaye. Ƙwayar Trypanosoma brucei, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, danginta ne ke jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Ita ba ta da RNase P mai RNA. A 2012 masana suka ɗauki furotin ɗinta guda ɗaya suka sa a cikin yis, suka kashe nasa almakashin mai sassa goma. Yis ɗin ya ci gaba da rayuwa. Irin waɗannan bambance-bambance tsakanin almakashin ƙwayoyin cuta da namu su ne ke jan hankalin masu neman sababbin magunguna, domin abin da ake so shi ne maganin da zai tsayar da nasu ya ƙyale namu.

Mai yiwuwa ma wasunku sun taɓa cin karo da sunan nan ba su lura ba. A gwajin korona da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2020, da wasu gwaje-gwaje makamantansa, ban da neman ƙwayar cutar ana kuma neman alamar RNase P na mutum a cikin abin da aka lakato daga hanci. Tunda sel ɗinmu suna ɗauke da umarnin ƙera shi, ganinsa shaida ce cewa an ɗebo samfurin da kyau. Idan ba a ga cutar ba, shi ma ba a gan shi ba, ba a cewa mutum lafiya lau yake, sai a sake gwajin.

To, me za mu rubuta a jarrabawa? Shawararmu ita ce a bi abin da malaminmu na bayoloji da manhaja suka tanada, domin amilas da fefsin da sauran waɗanda ake tambayarmu duk furotin ne. Amma ƙara kalma biyu ba ya rage maki: mafi yawan enzaim furotin ne. Muna kuma roƙon malamanmu, idan an zo wannan babi, a ɗan ware mana minti biyar a kan raibozaim. Ba RNase P kaɗai ba ne. A shekarar 2000 hoton raibosom ya nuna cewa wurin da ake haɗa amino asid da ɗan'uwansa RNA ne ya kewaye shi, wato kowane furotin da ke jikinmu, har da su enzaim ɗin, RNA ne ya ɗinka shi. Irin waɗannan hujjoji ne suka ƙarfafa ra'ayin da Walter Gilbert ya raɗa wa suna "duniyar RNA" a 1986, cewa RNA ya riga furotin fara aikin enzaim. Wannan hasashe ne da masana ke ci gaba da tattaunawa a kai, ba kamar gwajin 1983 ba, wanda kowa zai iya maimaitawa a kwalba.

Akwai kuma halittar da ta raba kanta da wannan almakashi gaba ɗaya. Sunanta Nanoarchaeum equitans, 'yar mitsitsiya ce da aka bayyana a 2002 daga wani wuri mai ruwan zafi a ƙarƙashin teku kusa da Aisland, inda take rayuwa manne da jikin wata ƙwayar. Da masana suka duba DNA ɗinta ba su ga RNase P ba. A 2008 aka gano dalili: ita tana fara kwafar tRNA ɗinta ne daidai daga harafin farko, saboda haka babu gezar da za a yanke.